An bar jaki ana dukan taiki

Kwanakin baya ina tsaye a bakin wani faffaɗan titi ina jiran motoci su tsagaita in tsallaka. Kusa da ni wata dattijuwa ce riƙe da hannun jikarta, yarinyar da ba za ta wuce shekara shida ba. A wurin na same su, kuma da gani sun jima. Da ta sa ƙafa ɗaya a kwalta sai mota ta ɓullo a guje, ta ja da baya, ta fizgo yarinyar.

Na ce, "Sannu Inna, ina za ku?"

Ta nuna mini asibitin da ke tsallake, ana hango ƙofarsa sarai. Ta ce, "Ga shi can ina kallon sa, ɗan nan. Hanyar ce babu."

Sai da muka taru mu shida, muka ɗaga hannu gaba ɗaya, sannan wani direba ya taka birki, na bayansa suna ta danna masa hon. Na riƙe yarinyar, Inna ta dafa kafaɗata, muka ƙetare da sassarfa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne allon tallan da ke saman kanmu duk tsawon lokacin nan. Ƙato ne, an zana duniya a tafin hannu, an rubuta nasiha a ƙasa: ka kashe ƙwan lantarki in za ka fita daga ɗaki, ka rage amfani da leda, ka ceci duniya. Ban ƙi nasihar ba, ina ma bin ta a gidana. Amma matar nan da ƙafarta ta zo. Ba ta ƙona ko ɗigon mai ba, ba ta busa wa kowa hayaƙi ba. Duk wanda ke kan titin nan a ranar ta fi shi kare muhalli, kuma ita ce titin ya fi wulaƙantawa.

Matsayata ita ce: an ɗora wa ɗaiɗaikun mutane nauyin kare muhalli fiye da kima, an kau da kai daga masu zana birane. Mafi yawan man da mutum zai ƙona a shekara da wutar da zai sha, an riga an yanke masa su tun ranar da aka shata titin unguwarsu, aka zaɓi inda makaranta da kasuwa da asibiti za su zauna, aka amince da irin ginin da zai kwana a ciki. Wanda ke son mutane su daina ɓarnar makamashi, ya fara ba su hanyar da za su taka da ƙafa cikin inuwa, babu fargabar mota. In ba haka ba, an bar jaki ana dukan taiki.

Ƙwan lantarki da litar mai

A zo a yi lissafi, kada maganar ta zama ta fatar baki. Ƙwan LED, wato ƙwan lantarkin zamani mai tsimin wuta, mai wat 10, in ka bar shi a kunne awa 100, yunit ɗaya na wuta ya sha. Litar fetur ɗaya kuwa tana ɗauke da ƙarfin da ya kai yunit 9. Wato abin da ke cikin lita guda zai riƙe ƙwan nan awa 900, sama da wata guda dare da rana.

Wani zai ce ai tashar wuta ma tana asara kafin wutar ta iso gida. Haka ne. To a raba uku, a bar awa 300. Kwana 12 ke nan ba a taɓa makunni ba.

Ƙaramar mota kuwa tana cinye litar nan a tafiyar kilomita 12 zuwa 15. A wurin mutane da yawa, kai yaro makaranta da ɗauko shi ke nan a rana guda. Kowace lita da ta ƙone kuma tana sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon, wadda ita ce kan gaba wajen ɗumama duniya.

Man ma ba duka yake yin aiki ba. Abin da ke isa ga tayoyi bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, sauran zafi ne da ke fita ta salansa da lagireto. Ɗan abin da ya isa ɗin, yawancinsa ƙarfe yake turawa, domin mota ta haura tan ɗaya alhali mutumin da ke cikinta kilo 70 ne ko 80. Gajeriyar tafiya ta fi muni, don injin da bai ɗauki zafi ba ya fi shan mai, ya fi fitar da hayaƙi mai guba. Kuma gajerun tafiye-tafiyen nan su ne waɗanda ƙafa za ta iya ɗauka: mutum na cin kilomita ɗaya da 'yan kai a minti 15, mai keke kuwa ya ci kusan huɗu.

To me ya sa mutum ke tada mota don tafiyar da ƙafa za ta yi? Wasu son jiki ne, ban musa ba. Amma mafi yawa an tilasta musu ne.

Alain Bertaud, masanin tsara birane da ya yi aiki da Bankin Duniya, ya kwatanta Atlanta ta Amurka da Barcelona ta Sifaniya bisa ƙididdigar 1990. Yawan mutanensu kusan ɗaya ne, kowanne bai cika miliyan 3 ba. Amma gine-ginen Barcelona sun zauna ne a murabba'in kilomita 162, na Atlanta suka bazu a 4,280. Ninki 26 ke nan. Mutumin Atlanta bai fi na Barcelona taurin zuciya ba. An gina masa gari ne inda gida ke gabas, wurin aiki ke yamma, shago ke bayan babbar hanya, har ya zama wanda ba shi da mota tamkar ɗaurarre ne a gidansa. Ka yi masa nasiha shekara goma, gobe da safe dole ya tada inji.

A nan zan ɗan ratse. Wannan ɗabi'a ta kowa ya zauna ya ƙirga hayaƙin da shi kaɗai ke jawowa, wadda ake kira sawun kabon, kamfanin mai na BP na cikin waɗanda suka fi tallata ta. A 2004 ya fitar da ma'aunin da mutum zai shiga intanet ya auna nasa laifin. Masana ne suka fara kawo tunanin, kuma yana da amfaninsa. Amma ya kamata mu tsaya mu yi tunani a kan dalilin da zai sa mai sayar da mai ya so hankalin kowa ya koma kan ɗakin girkinsa. Haka ma maganar leda da roba: ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki ta OECD ta ce kashi 9 cikin 100 kacal na robar da duniya ke zubarwa ake sake sarrafawa. Duk ƙoƙarin uwar gida na ware shara ba zai cike wannan giɓi ba matuƙar masana'antu na ƙara ninka abin da suke fitarwa.

"To a faɗaɗa titin mana"

Wannan ce amsar farko da nake samu duk lokacin da na ta da maganar. Mota tsaye a cunkoso tana ƙona mai a banza, in aka ƙara hannu biyu za ta wuce da sauri, hayaƙi ya ragu. A ido magana ce mai ma'ana. An gwada ta a wurare da dama, kuma sakamakon iri ɗaya ne.

A Houston ta Amurka akwai babbar hanyar Katy. An kammala faɗaɗa ta a 2008, har ta kai layi 26 a inda ta fi faɗi in aka haɗa da na gefe. Cikin 'yan shekaru lokacin da mutane ke ɓatawa a kanta safe da yamma ya sake hawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da hanya ta buɗe, wanda ke hawa bas ya sayi mota, wanda ke fita da asuba don gudun cunkoso ya koma fita tare da kowa, masu gine-gine suka tsiri sababbin unguwanni can nesa tun da an ce yanzu hanya ta yi sauƙi. Sabon titi shi ke haifar da sababbin motocin da za su cika shi.

Seoul ta Koriya ta Kudu ta bi akasin haka. A 2003 magajin garin, Lee Myung-bak, ya sa aka rushe wata doguwar gadar sama da ke ɗaukar motoci sama da 100,000 a rana, aka buɗe rafin Cheonggyecheon da aka binne a ƙarƙashinta. A 2005 aka gama. An yi ta hasashen gari zai tsaya cak, bai kuwa tsaya ba. A daidai lokacin hukuma ta gyara tsarin motocin bas, ta ba su layinsu na kansu, mutane da yawa suka sauya yadda suke zirga-zirga. Wurin da a da ake toshe hanci a wuce ya koma inda iyalai ke fita shan iska da yamma.

Ina so a lura da sharaɗin nan na bas. Rushe gada kaɗai ba dabara ba ce. An karɓe wa mutane abu ɗaya, an ba su wani a madadinsa.

Akwai kuma masu cewa ai ga gadar masu tafiya a ƙasa can gaba, me ya hana Inna hawa? Ku je ku ƙirga matakalar. Ku tuna da gwiwar mai shekara saba'in, da mai juna biyu, da mai keken guragu, da mai tura kaya. Irin wannan gada ana gina ta ne don kada mota ta rage gudu, sai a ɗora wahalar a kan mafi rauni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma babu abin da ya kai haɗarin hanya kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Shi ya sa taron ministoci da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a tsaida gudu a kilomita 30 a awa duk inda mutane da motoci ke cakuɗa. Oslo, babban birnin Norway, ta ƙare shekarar 2019 ba tare da mota ta kashe ko mutum ɗaya mai tafiya a ƙasa ko mai keke ba. Uban da ya san haka titin unguwarsu yake, zai bar ɗansa ya taka zuwa makaranta, litar nan ta zauna a tanki.

"Wa zai yi tafiya cikin wannan rana?"

Wannan ƙorafin na fi ɗauka da muhimmanci, domin gaskiya ne. Babu wanda zai taka kilomita guda a kan kwalta tsirara da tsakar rana in yana da wata mafita. Duk mai wa'azin tafiya a ƙasa da bai kawo maganar inuwa ba, bai taɓa yin tafiyar ba.

Sai dai a tambaya: wa ya ƙara wa garin zafi? Baƙar kwalta da siminti suna shan rana tun safe, su yi ta amayar da ita har tsakar dare. Kowane inji da ke tsaye a danja murhu ne. Bishiyoyin da aka sare don a ƙara hannu ɗaya a titi, su ne a da ke tare rana, suna kuma sakin danshi ta ganyensu. Saboda haka tsakiyar birni ke fin karkarar da ke kewaye da shi zafi, musamman da dare. Mun gina wa mota gari, garin ya yi zafi, sai zafin ya zama hujjar shiga mota.

Mutanen da suka rayu a wurare masu ƙuna tun kafin a san lantarki sun san maganin. Tsohon birnin Fas na Maroko lunguna ne matsattsu da gini ke yi wa gini inuwa, kuma har yau mota ba ta shiga yawancinsa. A Yazd ta Iran an gina hasumiyoyi masu kama iska su sauko da ita cikin ɗaki. Bango mai kauri, taga a inda iska ke bi, tsakar gida mai bishiya: duk ilimi ne da aka yi watsi da shi aka rungumi dogayen gine-ginen gilashi, waɗanda ba a iya zama cikinsu awa guda in wuta ta ɗauke.

Na zamani ma sun gwada sun gani. Medellín ta Kolombiya ta fara dasa bishiyoyi da ciyayi a jikin manyan tituna da magudanan ruwa 30 daga 2016, hukumomin birnin suka ce zafi ya sauka da kusan digiri 2. Ahmedabad ta Indiya kuwa sai da zafin 2010 ya kashe mata mutum sama da 1,300 sannan ta fito da tsarin tunkarar zafi a 2013. Cikin abin da ta yi daga baya har da shafa wa rufin gidajen marasa ƙarfi farin fenti da farar ƙasa, don rufin ya mayar da hasken rana sama maimakon ya shanye shi. Abu ne mai araha, kuma yana rage zafin ɗaki da 'yan digiri.

Me ya haɗa wannan da makamashi? Komai ma. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa na'urorin sanyaya ɗaki da fankoki na shan kusan kashi 10 cikin 100 na wutar duniya, kuma na'urorin za su tashi daga biliyan 1.6 zuwa 5.6 nan da 2050. Ba na cikin masu ganin laifin wanda ya sayi na'urar. Zafi na kisa, kuma jariri da tsoho suna da haƙƙin barci. Amma na'urar ba ta kashe zafi, kwashe shi take daga ɗakinka ta zuba wa titi, wato ta zuba wa wanda ke wucewa a ƙasa da maƙwabcin da ba shi da ita. Bishiya kuwa duk wanda ya bi ta ƙarƙashinta ya samu. Gidan da aka yi wa rufi mai kyau da taga a mazauninta, ko an sa masa na'urar, rabin aikin an riga an yi mata.

"Ai motar lantarki na tafe"

Ta zo, muna maraba. Ta fi ta fetur amfani da makamashi nesa ba kusa ba, ba ta da salansa, kuma inda wutar ta fito daga rana ko iska ko ruwa ribar ta fi yawa. Amma girmanta ɗaya da 'yar'uwarta, sau da yawa ma ta fi nauyi saboda batir. Tayoyinta na goge kwalta suna tada ƙura. Tana buƙatar wurin fakin, kuma marigayi Farfesa Donald Shoup na Jami'ar Kalifoniya ya daɗe da nuna cewa mota na shafe kusan kashi 95 cikin 100 na rayuwarta a ajiye, kowace ɗaya ta tare fili kamar ɗakin kwana. Da a ce duk motocin da suka hana Inna wucewa na lantarki ne, da har yanzu tana tsaye a bakin titin.

"Kasuwa za ta mutu"

Mai shago na tsoron in aka hana mota tsayawa a ƙofarsa ciniki ya tafi. Tsoron ba sabo ba ne. A 1962 da Copenhagen ta rufe titin Strøget ga motoci, 'yan kasuwa sun yi ta kuka, wasu na cewa mutanen ƙasar sanyi ba su da ɗabi'ar yawo a titi. Yau titin na cikin wuraren ciniki mafi cika a ƙasar Denmak.

Wani bincike da aka yi a tituna biyu na kasuwanci a Berlin, aka wallafa a 2021, ya gano inda kuskuren yake. An tambayi masu shaguna kashi nawa na masu sayayya ke zuwa da mota, suka ce kusan 22 cikin 100. Da aka tambayi masu sayayyar kansu, sai aka samu kusan 7 ne. Mai shago shi da mota yake zuwa, kuma mai mota ne ke shigowa yana ƙorafin wurin fakin. Wanda ya zo a ƙasa ya sayi abinsa ya fita shiru, ba a ƙirga shi ba.

Misalin da ya fi burge ni shi ne Pontevedra, ƙaramin birni a arewa maso yammacin Sifaniya mai mutum 80,000 da ɗoriya. A 1999 wani likita, Miguel Anxo Fernández Lores, ya zama magajin gari, ya fitar da motoci daga tsakiyar birnin, ya bar masu sauke kaya da masu larura su shiga na ɗan lokaci, ya tanadi wuraren ajiye mota a gefen gari. Har taswira suka yi irin ta jirgin ƙasa, mai nuna minti nawa za ka taka daga wannan wuri zuwa wancan. Mutanen garin sun yi ta sake zaɓen sa zango bayan zango.

"Wannan na masu kuɗi ne, kuma halinsu ne"

Ana yawan nuna Holan a ce su dama da keke aka haife su. Tarihi bai ce haka ba. Bayan yaƙin duniya na biyu su ma sun rushe gidaje sun shimfiɗa wa mota hanya. A 1971 haɗarin hanya ya kashe musu mutum kusan 3,300, sama da 400 yara ne. Iyaye suka fito kan titi da yaransu suna neman a daina kashe musu 'ya'ya. A 1973 rikicin man fetur ya zo, gwamnati ta hana tuƙi ranakun Lahadi na wani lokaci, mutane suka ga yadda garinsu yake in babu mota. Daga nan aka shiga gina hanyoyin keke da aka raba da na mota. Yau kekunan ƙasar sun fi mutanenta yawa. Halin ya biyo bayan hanyar ne.

Maganar kuɗi kuwa juye take. Gadar sama da ramin ƙarƙashin ƙasa su ne aikin masu kuɗi. Daɓen gefen titi, zanen tsallakawa, tudun rage gudu, dashen bishiya, layin bas: babu mai arahar su a duk aikin hanya. Bogotá ta Kolombiya ba birnin attajirai ba ne, amma tun 1974 take rufe tituna ga motoci ranar Lahadi, yanzu sun haura kilomita 120. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 92 cikin 100 na mace-macen hanya a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke faruwa. Inda mafi yawan mutane ba su da mota, kashe mafi yawan kuɗin hanya a kan mota zalunci ne.

Akwai abu biyu da zan amsa ba tare da gardama ba. Na farko, wasu dole sai da mota: mara lafiya, mai sana'ar da ke yawo da kayan aiki, motar asibiti, motar kashe gobara, wanda ke zaune inda bas ba ta zuwa. Ba na kiran a hana su. Su ne ma za su fi cin moriya in waɗanda za su iya takawa suka bar musu hanya.

Na biyun ya fi damuna. Unguwar da aka gyara, aka dasa mata bishiyoyi, aka kori hayaniya, kuɗin hayarta kan tashi, sai talakan da aka ce don shi aka yi gyaran ya tattara ya koma bayan gari inda babu komai kusa. Tunanin birnin minti 15, wanda masanin birane Carlos Moreno ya gabatar a 2016 kuma Anne Hidalgo, magajiyar garin Faris a lokacin, ta ɗauka a yaƙin neman zaɓenta a 2020, yana cewa duk buƙatun yau da kullum su kasance inda ƙafa ko keke za su kai cikin rubu'in awa. Tunani ne mai kyau, amma in a unguwa biyu ko uku kawai aka yi shi, ya zama kayan ƙawa na masu hali. Dole a fara daga unguwannin da aka fi mantawa da su, a kuma haɗa shi da gidaje masu sauƙin haya.

Rabon da ya rage a hannuna

Kada wani ya fahimce ni da cewa mutum ya naɗe hannu har sai hukuma ta gyara gari. Tsohon ƙwan lantarki mai zare yana zubar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutarsa a zafi, na LED kuwa yana rage shan wuta da aƙalla kashi 75, don haka na sauya na gidana duka. Ina fara kunna fanka kafin in tuna da na'urar sanyi, in na kunna ta kuma ba na sauko da ita ƙasa sosai. Indiya ma tun 2020 ta sa doka sababbin na'urori su zo a saite kan digiri 24. Ina sauke labule a ɓangaren da rana ke bugawa. Tafiyar da ba ta wuce minti 20 ba ina taka ta, kuma da ita nake cike minti 150 na motsa jiki da likitoci ke nema a mako. Abin da ya lalace ina neman mai gyara kafin in nemi sabo.

Duk wannan ina yin sa da zuciya ɗaya. Amma na san iyakarsa, domin ni ina da lafiyar da zan ruga in tsallake titi, Inna ba ta da ita.

Saboda haka bayan ranar nan na ƙara abu ɗaya. Na koma wurin da yamma da takarda da biro, na tsaya awa guda ina ƙirga masu tsallakawa da tsawon jiran kowannensu. Na rubuta wa hukumar da ke kula da hanyar wasiƙa, na nemi abu huɗu: zanen tsallakawa a kan tudu daidai ƙofar asibitin yadda dole mota ta rage gudu, ɗan tsibiri a tsakiyar titi inda tsoho zai tsaya ya huta kafin ya ƙarasa, danja mai ba masu tafiya a ƙasa lokacinsu, da jerin bishiyoyi daga tashar bas zuwa ƙofar. Na bi masu shagunan bakin titin da ma'aikatan asibitin ina neman sa hannu.

Zuwa yanzu mutum goma sha ɗaya sun sa. Na ƙarshensu mai gadin asibitin ne. Da na karanta masa, ya karɓi biron ya ce, "Kawo nan, Malam. Ni nake fita in tare musu motoci in na ga abin ya yi yawa, kuma ba kullum nake bakin ƙofa ba." Ya ce in bar masa kwafin wasiƙar ɗaya, zai ba masu aikin dare.